Batirin da ya ci madabod: nazarin gyaran wata tsohuwar kwamfuta ta shagon ɗinki a Agege

A farkon damina, ana saura makonni shida Babbar Sallah, wani dattijon tela mai shago a Agege ya aiko ɗansa da kwamfuta a cikin buhun shinkafa zuwa rumfar da nake gyara a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda aka fi sani da Computer Village. Tun kafin a gama zare ta daga buhun maƙwabtana suka fara dariya, domin irin akwatin nan ne mai launin madara wanda tsufa ya mayar ruwan ƙasa, mai ƙofar faifan fulofi a gaba, kuma galibin samarin da ke gyaran waya a layinmu ba a haife su ba a lokacin da aka ƙera shi. Ɗan ya ce da zarar an kunna ta sai ta yi ƙara sau shida ta yi tsit, monita kuwa ba ta nuna komai.

Abin da ya hana Alhaji jefar da ita shi ne abin da ke cikinta. Da ita ya fara aikin wuya na inji, wanda teloli suke kira monogiram, kuma a babban faifanta ne zane-zanen da ya tara shekara da shekaru suke: aska takwas, aska biyu, tambari, dagi, da waɗansu da shi da kansa ya zauna ya fitar wa manyan abokan cinikinsa masu sa babbar riga. Da ya sayi sabon inji mai karɓar filashi sai aka kwashi kaɗan daga cikin zanen, aka kai kwamfutar ɗakin ajiya aka girke ta a ƙasa, ta yi shekaru ba wanda ya waiwaye ta. Bana sai ga wani mutum ya zo da rigar marigayi mahaifinsa, ya ce irin wannan aikin sak yake so a yi masa shi da ƙannensa na Sallah, zanen kuwa yana cikin waɗanda ba a kwasa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cire faifan a kwafe abin da ke ciki, kuma da ita na fara, amma ba ta ɓulle ba. Na'urar da nake haɗa tsofaffin faifai da sabuwar kwamfuta ba ta gane shi ba, kamar yadda takan yi da faifan da suka tsufa ƙwarai. Ko da ta gane shi ma, an adana zanen ne a tsarin manhajar da aka zana su da ita, manhajar kuwa ta DOS ce, tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta na kafin Windows, ba ta buɗewa sai an soka wani ɗan makulli a bayan kwamfutar, a ramin da ake haɗa firinta. Manhajar kaɗai ce za ta juya su zuwa tsarin DST na kamfanin Tajima, wanda kusan kowane injin aikin wuya yake karantawa. Na aika a nemo wani madabod irin nata, wato babban allon da sassan kwamfuta suke haɗuwa a kansa, a kasuwar Alaba, na kuma tambayi 'yan gwangwan da na sani, suka ce an daɗe da farfasa irin waɗannan saboda ɗan zinaren da ke jikinsu. Ko an samo ɗin ma, mai yiwuwa ne irin batirin da ya kashe wannan yana zaune a kansa. Gyara ya zama dole.

Abin da na tarar

Madabod ɗin na zamanin Intel 486 ne, ƙwaƙwalwar da ta fara fitowa a 1989. Ana gane shekarun allo irin wannan daga lambobi huɗu da ake bugawa a bayan ayisi-ayisin da ke kansa, wato baƙaƙen ƙwayoyin lantarkin nan masu ƙafafu da yawa, biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako, kuma mafi sabunta da na gani a nan 9318 ne, wato mako na 18 na shekarar 1993. A kusurwar baya, dab da zagayayyen soket mai rami biyar inda ake soka kibod, akwai wani batir mai siffar 'yar ganga, bai wuce gaɓar babban yatsa ba, an naɗe shi da leda, an like ƙafafunsa da dalma a jikin allon.

Asalin buƙatarsa ta faro ne daga kwamfutar IBM PC/AT ta 1984, wadda aka sa wa ayisin agogo na Motorola mai lamba MC146818. Ayisin yana riƙe da lokaci da kwanan wata, yana kuma da 'yar ma'ajiya ta bayit 64 inda ake rubuta saitin na'urar, ciki har da bayanin irin faifan da ke cikinta, kuma duk wannan yana gogewa idan babu 'yar wutar da za ta riƙe shi bayan an kashe kwamfuta. Masu ƙera alluna a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 da dama sun zaɓi batirin nikel da kadmiyam mai bolt 3.6, wato ƙwayoyi uku masu bolt 1.2 da aka jera a cikin leda ɗaya, wanda yake cajin kansa duk sa'ad da kwamfuta take kunne. Dabarar ta yi kyau a lokacinta, tunda mai kwamfuta ba zai taɓa sayen batir ba, sai dai ba wanda ya yi lissafin cewa na'urar za ta kai shekara talatin, alhali robar da ta toshe bakin ƙwayoyin ba za ta kai ba.

Ƙarshen batirin na ɓangaren nagatib ya yi furfura, wani farin gari mai kama da gishiri ya taru a kansa. Daga nan wani kore mai sirkin shuɗi, irin wanda ake gani a jikin tsohuwar tagulla, ya bi ƙafafun 'yan rizista da dayod da ke kusa, ya hau soket ɗin kibod, ya shiga ƙarƙashin wani dogon soket mai ƙafa 40, ya taɓa bakin ramukan kati guda biyu na farko. Dalmar da aka san ta da ƙyalli ta koma ruwan toka, ta yi kaushi kamar ƙanzo. Siraran jijiyoyin jan ƙarfe da ke kwance a ƙarƙashin koren fentin allon sun yi duhu, wasu sun yi baƙi ƙirin, a fili mai faɗin tafin hannu. A kan duk wannan kuma akwai wani busasshen farin kwaɓi da na tabbata ba daga batirin ya fito ba.

Na tambayi ɗan, “Wa ya shafa wannan?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni ne, Malam. Mai cajin batir na bakin layinmu ne ya ce asid ne ya zuba, in jiƙa kanwa in shafa, ita ce maganinsa.”

Mai cajin batir bai yi ƙarya ba a kan sana'arsa, domin ruwan da ke cikin batirin mota asid ne na gaske, kuma abu mai kanwa-kanwa ne yake kashe kaifinsa. Kuskuren shi ne ɗaukar duk abin da ya fito daga batir a matsayin asid. Ruwan da ke cikin batirin nikel da kadmiyam sinadarin fotasiyam haidirokzayid ne, wanda dangin kanwa da ruwan toka ne, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk matar da ta taɓa miyar yakuwa ta san kanwa ake jefawa don a kashe tsami, to haka nan tsami ne yake kashe kanwa. Yaron ya ƙara wa allon abin da ya riga ya yi masa yawa ne, bai kashe komai ba, sai ƙarin ruwa da gishiri da ya cusa a ƙarƙashin soket-soket. Ban yi masa faɗa ba, domin na sha ganin masu gyara da suka girme shi sun yi haka.

Akwai kuma hannun Legas a cikin ɓarnar. Wannan sinadari yana zuƙar danshi daga iska, idan kuma ya haɗu da iskar kabon sai ya rikiɗe ya zama farin garin nan, wanda shi ma mai jan ruwa ne. A Kano ko Katsina hunturu yakan busar da shi na watanni, ɓarnar ta ɗan tsaya, amma a garin da danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100 da damina, kuma a ɗakin ajiya da ba ya shan rana, abin yana zama a jiƙe ne kusan duk shekara, yana rarrafe ta ƙarƙashin fenti yana bin jan ƙarfe kamar yadda kananzir yake bin lagwani. Shi ya sa idan ido ya ga ɓarna mai faɗin tafin hannu, sai a ɗauka ta wuce nan.

Ƙarar nan shida ita ma shaida ce. Allon yana ɗauke da BIOS, wato 'yar manhajar da take fara duba kwamfuta idan an kunna ta, na kamfanin AMI, wanda a tsarinsa ƙara shida tana nufin matsala a wajen ayisin 8042 mai kula da kibod, wanda kuma shi ne yake buɗe layin nan da ake kira A20 don kwamfuta ta iya kaiwa ga ma'ajiyar da ta wuce megabayit ɗaya. Wannan ayisi shi ne yake zaune a kan soket mai ƙafa 40 da koren ya shiga ƙarƙashinsa. Labarin ya faranta mini rai, domin kwamfutar da za ta iya ƙirga ƙara shida ƙwaƙwalwarta da BIOS ɗinta suna raye ke nan.

Wanki da ɗinkin jijiyoyi

Ban sake kunna ta ba. Na ɗauki hotunan allon ta kowace fuska da waya, musamman wuraren da 'yan jamfa suke, wato 'yan hulunan da ake ɗora wa ƙusoshin allo don zaɓen saiti, sannan na cire ƙwaƙwalwa, da sandunan ma'ajiya takwas masu ƙafa 30, da duk ayisin da yake kan soket. Batirin kuwa yanke ƙafafunsa na yi da ƙaramar filaya, ban sa masa wuta ba, domin dalmar da sinadarin ya ci ba ta narkewa da daɗi, kuma wanda ya dage da zafi a kanta yakan ɓamɓaro jan ƙarfen da ke ƙasa, garin gyaran gira ya rasa ido. Na sa safar hannu, na ƙulle batirin a leda, saboda kadmiyam guba ne.

Maganin farin ruwan khal ne na girki, wanda tsaminsa yake wajen kashi 5 cikin 100. Da na ɗiga shi a kan farin garin sai ya fara tafasa yana ƙananan kumfa, ana jin sautinsa idan aka kara kunne, alamar tsami ya haɗu da abokin gabarsa. Na goga da tsohon buroshin haƙori, na bar shi 'yan mintoci, na share, na sake ɗigawa, har sau huɗu kafin kumfar ta daina fitowa. Ba a barin khal ya daɗe, domin shi ma idan ya gama da kanwar jan ƙarfe zai juya wa. Daga nan na ɗauraye allon da ruwa mai yawa, na bi da tataccen ruwa wanda ba shi da gishiri. A nan sai an yi hattara, domin a wajen masu cajin batir ake sayen tataccen ruwan, kuma da shi da asid duka “ruwan batir” ake ce musu, sai mutum ya fayyace wanda yake nufi. Na ƙarasa da sifirit mai ƙarfi na aisofurofil, wanda yake korar ruwa daga lunguna ya kuma bushe da wuri.

Fetur da tina da wasu suke wanke allo da su ba su da amfani a nan, domin ba sa narkar da gishiri, tina kuma tana cin roba. Shanya ma a Legas da damina ba a dogara da rana. Na jingina allon a gaban fanka, ina bin sa da na'urar busar da gashi a kan ƙaramin zafi lokaci-lokaci, har kwana biyu.

Allon ya fito fes, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa su ɗauka an gama, alhali wanki yana tsayar da ɓarna ne kawai, ba ya mayar da abin da aka riga aka cinye. Na kankare fentin da ke kan kowace jijiya da ta yi duhu da alƙalamin zaren gilashi har sai jan ƙarfe mai haske ya bayyana, na ci gaba da kankarewa har na wuce iyakar duhun. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma wasu jijiyoyin sun zama kamar zanin da gara ta ci, wasu sun rage siririn zare, wasu kuwa babu su sam, sai inuwarsu a jikin allon. Na sa mitar awon wuta a kan saitin da take ƙara idan jijiya ba ta yanke ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka'idata ita ce a auna daga ƙafar da jijiya ta taso zuwa ƙafar da ta ƙare, ko da tana can wani gefen allon, ba daga wurare biyu da ke kusa da juna ba. Dalili shi ne jijiya takan nutse ta wani ɗan rami ta ɓulla a bayan allon, kuma waɗannan ramuka, da aka shafe cikinsu da jan ƙarfe mai kaurin fatar albasa, su ne sinadarin ya fi taruwa a ciki. Rami yana iya zama lafiya lau a ido ta sama da ta ƙasa, amma tsakiyarsa ta yanke.

A cikin jijiyoyi 26 da na auna, 7 sun yanke, uku daga ciki a cikin rami. Sa'ar da aka ci ita ce alluna irin wannan galibi hawa huɗu ne, hawa biyu na ciki na wuta ne da ƙasa, saƙonni kuwa a fuskokin waje suke bi, inda hannu zai iya kaiwa. Na yi amfani da siririyar wayar jamfa mai rufin fenti da masu gyaran waya suke aiki da ita. Inda rami ya mutu sai na zura wayar ta cikinsa kamar zare a kafar allura, na like ta sama da ƙasa. Inda jijiya ta yanke a fili sai na shimfiɗa wayar a kan hanyarta ta asali maimakon in yi mata yanke, don wanda zai buɗe bayana ya gane abin da aka yi. Waɗanda suka sirance amma ba su yanke ba na shafe su da sabuwar dalma. Na canza dayod biyu da rizista uku da ƙafafunsu suka rube, da 'yar fis da take ba kibod wuta, sannan na rufe duk inda na kankare da koren fentin da ake busarwa da fitila. Wanda bai da shi, jan farce marar launi yana yin aikin.

Soket mai ƙafa 40 kuwa na dube shi, na auna ƙafafunsa duka mita ta yi ƙara, na tuna cire shi aikin yini guda ne ga Sallah tana matsowa, sai na fesa masa sifirit na bar shi a wurinsa.

Kafin in ba ta wuta na auna layukan bolt 5 da bolt 12 don in tabbata babu wanda ya haɗe da ƙasa, saboda 'yan kafasitan tantalam na wancan zamani sun saba fashewa idan sun daɗe a kwance. Na soka filogin wuta guda biyu, baƙaƙen wayoyi suna haɗe a tsakiya kamar yadda ƙa'ida take, na kunna. Monita ta kawo rubutu, ta ƙirga megabayit 8, ta yi ƙorafin saitinta ya goge, kibod ya amsa.

Saura faifai. Kwamfutocin wancan lokaci sai an faɗa musu lambobi uku na faifan, wato yawan silinda da kawuna da sassa, kuma idan lambobin da aka shigar sun saɓa wa waɗanda aka tsara faifan da su tun farko, ba za ta tashi ba ko da faifan lafiyarsa ƙalau. Waɗannan lambobi suna cikin abin da mutuwar batir ta goge. Ina cikin shirin lalube sai yaron rumfata ya juya murfin akwatin ya ce, “Oga, duba nan.” A cikin murfin wani ya rubuta 989, 12, 35 da fensir, rubutun ya dushe amma yana karantuwa. Na shigar da su, DOS ta tashi, manhajar ta ga makullinta. Ban san wanda ya yi rubutun ba, amma na yi masa addu'a.

A ranar muka juya zanen rigar da wasu kusan arba'in zuwa DST, muka kwashe ta fulofi zuwa filashi. Sauran ɗaruruwan, da yake ɗaya-ɗaya ake juya su, aka bar wa ɗan ya riƙa yi da dare bayan an tashi daga aiki.

Dawowa ta biyu

Bayan mako uku Alhaji da kansa ya kira ni. “Injiniya, ashe tsugune ba ta ƙare ba?” Ya ce da safe kibod ba ya amsawa, wani lokaci ƙara shidan ta dawo, amma idan aka bar ta a kunne zuwa azahar aka sake tayar da ita sai ta yi aiki kamar ba ita ba. Tun kafin ya gama na san inda matsalar take. Cutar da take zuwa da sanyin safiya ta tafi idan allo ya ɗumama, gishiri ne da ya rage a wani lungu, yana jiƙewa da danshin dare yana haɗa ƙafafun da bai kamata su haɗu ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, laifina ne, akwai wurin da na tsallake. A dawo da ita, ba za ka ƙara ko kwabo ba.”

Tunda soket ɗin ba za a sake amfani da shi ba, ban yi ƙoƙarin cire shi ɗungurungum ba. Na farfasa robarsa da filaya, na bar ƙafafun tsirara, na ɗora wa kowace sabuwar dalma da man dalma don tsohuwar ta yarda ta narke, na zare su ɗaya-ɗaya, na zuƙe ramukan. Abin da ke ƙarƙashin robar ya ba ni kunya. Wani danshin kore ne kwance tsakanin layukan ƙafafun biyu, cakuɗe da ɓurɓushin kanwar yaron, har da ɗan warin khal ɗina da ya shiga bai fita ba. Ƙafafu biyu sun rube har sun karye da taɓawa, akwai kuma rami guda a tsakiya wanda ranar farko ya ba mita ƙara, yanzu kuwa ya yanke. Mita ba ta yi mini ƙarya ba a karon farko, ta faɗi halin da ake ciki a ranar ne, ni ne na ɗauki amsarta a matsayin lamuni na gobe. A ganina yanzu, duk soket ko filogin da koren ya taɓa gindinsa cire shi ake yi, ko da yana aiki, domin ruwan wanki yana shiga ƙarƙashinsa cikin sauƙi amma ba ya fita da abin da ya tarar.

Na maimaita wankin a wurin, na ɗinke ramin, na sa sabon soket. Na cire soket ɗin kibod shi ma, na tarar da irin wannan a ƙarƙashinsa, ko da yake bai kai wancan ba. Ramukan kati biyu da abin ya taɓa bakinsu na wanke su sosai, na mayar da katunan zuwa ramukan da ke nesa. Wannan karon ban sallame ta ba sai da ta kwana biyar a rumfata, kullum ina tayar da ita da sassafe kafin rana ta ɗaga.

Batun batirin da zai maye gurbin tsohon ya ɗan ja ni. Akwai masu sayen sabon mai caji irin na da su like, wanda a wurina sake dasa matsalar ne ga wanda zai gaji na'urar. Na fara gwada batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Shi ba a cajinsa, idan wuta ta shige shi yana iya kumbura ko ya fashe, don haka sai an sa dayod a tsakani wanda zai bar wuta ta fita amma ya hana ta shiga. Ana tabbatar da buƙatar haka ta hanyar auna wurin tsohon batirin da mita alhali kwamfuta tana kunne, idan an ga wuta a wurin to allon yana caji. Saitin ya zauna, amma agogo yana tsayawa idan an kashe, saboda dayod ɗin da na sa da waɗanda ke kan allon kowanne ya ɗan rage wutar har ta gaza kaɗa ɗan kiristal mai bugu 32,768 a daƙiƙa. Sai na koma ga wasu 'yan ƙusoshi huɗu da ke gefen allon, waɗanda aka tanada don batirin waje kuma ba sa caji, na cire jamfar da ke tsakiyarsu, na haɗa batir uku na AA masu bolt 4.5 a jimlace. Su ma suna iya zuba idan sun tsufa, don haka na ja musu doguwar waya, na sa su a 'yar robar abinci mai murfi, na ɗaure a ƙasan akwatin, inda ko sun zuba ba abin da za su tarar sai roba. Na manna takarda a jiki da watan da aka sa su, na kuma sake rubuta lambobin faifan da biro kusa da na fensir.

Da na kai kwamfutar Agege na roƙi Alhaji ya nuna mini ɗakin ajiyar. Siminti ne a ƙasa mai tsattsafo, bango ya yi tabon ruwa har gwiwa. Na ce a ɗora ta a kan kanta, kada a ƙulle ta a leda domin leda tana tsare danshin da ta tarar ne, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi a cikin akwatin, a kuma buɗe murfin a duba sau ɗaya a shekara, bayan kowace Babbar Sallah don kada a manta. Na gaya wa ɗan cewa duk tsohuwar na'urar da za a ajiye, a fara ɗaukar hoton saitinta, sannan a yanke batirin, domin kwamfuta ba ta lalacewa don rashin batir, mantuwa kawai take yi. Na kuma ja kunnensa kada ya mayar da khal maganin kowane batir kamar yadda aka mayar masa da kanwa. Irin wannan 'yar gangar tana cikin kwamfutocin Amiga 2000 da 3000 da 4000, kuma maganinsu ɗaya, amma tsofaffin Macintosh irin su SE/30 ta 1989 batirin litiyam ne a cikinsu mai rabin tsawon AA, abin da yake fitarwa mai asid ne, a can shawarar mai cajin batir ce daidai. Wasu allunan kuma wani baƙin akwati ne a kansu mai tambarin Dallas, batirin yana binne a ciki, yakan mutu amma ba kasafai yake zuba ba. Tsohon batirin kuwa na hana a jefa shi a bola, inda yaran da ke ƙona tarkace don fitar da jan ƙarfe za su shaƙi hayaƙinsa.

Muna shirin fita sai na hango wani akwatin a bayan tarin ƙyallaye, ƙarami, shi ma ruwan madara. Alhaji ya ce ta lissafin kuɗin shago ce ta da, ba abin da yake buƙata a cikinta. Na nemi sukuddireba na buɗe a nan tsaye. Allon 386 ne, wanda ya girmi 486, 'yar gangarsa tana nan a kusurwa, furfura ta fara fitowa a ƙarshenta guda, amma koren bai sauka kan allon ba tukuna. Na ciro filaya daga aljihu na yanke ƙafafun biyu, na goge wurin, na ƙulle batirin a leda na sa a jakata tare da ɗan'uwansa. Ɗan kuwa ya gama juya sauran zanen mako biyu bayan Sallah, ya ajiye kwafi a filashi biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida.